Ku Tambayi Likita: Ƙaiƙayin Baƙin Lalle, Siminti da Ɗan Kunne

Saƙonnin da suka taru a wannan fili bayan Sallah da bukukuwan da suka biyo bayanta kusan duk a kan fata suke. Na zaɓi huɗu. Masu su ba su san juna ba, sana'arsu ba ɗaya ba ce, amma ciwonsu ɗaya ne: fata ta haɗu da wani abu da ba sa jituwa, ta kumbura, ta kama ƙaiƙayi. Dukkansu kuma so suke in faɗa musu sunan man da za su saya. Zan faɗa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Likita. Ni amarya ce, wata biyu ke nan da bikina. Ana jibi kamu aka yi min ƙunshi, ja a tafin hannu da ƙafa, baƙi a bayan hannu har kusa da gwiwar hannu. Lafiya lau aka yi biki aka watse. Sai da aka kwana kamar goma, baƙin ya fara koɗewa, sannan wurin ya soma ƙaiƙayi, ya kumbura, ya ɗuri ruwa. Abin da ya tsorata ni shi ne kumburin ya bi zanen fulawar daidai, ganye-ganye. Inda aka sa jan kuwa ko ƙurji ɗaya babu. Gwaggona ta ce baki ne, ko kuma an sa min wani abu a lallen, aka kawo rubutu da hayaƙi. Wata ƙawata ta ce in goga tafarnuwa da lemon tsami, sau ɗaya na gwada na kwana ina kuka. Mai kemis ya ba ni wani mai da ya ce yana maganin kowane irin ƙurji. Yanzu ya bushe, amma zanen yana nan baƙi ƙirin a jikina. Zai tafi kuwa? Kuma bikin ƙanwata na tafe, zan iya sake yi a wurin wata mai ƙunshin daban?
Daga wata amarya, Gwale, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo ƙazantar ɗaki. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don ita ce mai gaggawa: kar ki sake sa baƙin lalle, ko a wurin wa, ko ɗigo ɗaya a yatsa.

Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Iyakarsa ja, ko ruwan goro mai duhu in ya kwana. Shi ya sa iyayenmu mata suke sa hannu a zunguru su kwana da shi, wani lokaci su maimaita dare biyu ko uku kafin ya kama yadda suke so. Wanda za a zana miki da la'asar, kafin magariba ya yi baƙi sidik, ba ganye ba ne ya yi wannan aikin. Dayis ne, kuma a cikinsa akwai sinadarin da ake kira PPD, wanda ake rina gashi da shi. A ƙasashen Turai an ƙayyade cewa kar ya wuce kashi 2 cikin 100 a maganin rina gashi, kuma ba a yarda a zana shi a kan fata ba sam. Wanda ake kwaɓawa a murfin kwalba a gidan ƙunshi kuwa babu mai auna shi. Likitocin Khartum a Sudan, inda wannan kwalliya ta yi ƙarfi tun kafin ta cika garuruwanmu, sun daɗe suna rubutu a kan illarsa, har da mutuwar waɗanda suka haɗiye shi. Duk gidan da ake ajiye garin, a ɗaga shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Kwana goman da kika ambata shi ne ya tabbatar min. Karon farko da sinadarin ya ratsa fata, garkuwar jiki takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu tana nazarinsa kafin ta tayar da faɗa. Kamar mai gadi ne da ya haddace fuskar ɓarawo: in ya dawo, ba a sake ɓata lokacin tambaya. Karo na biyu ba za ki jira kwana goma ba, cikin kwana ɗaya zuwa uku zai tashi, kuma yakan fi na farko muni. Mafi yawan mutane haka suke zama da shi har tsufa. Don haka ba lalle kaɗai ba, baƙin rinin gashi ma ya haramta gare ki. Na sha ganin mata, da maza masu rina gemu ko furfura, sun zo fuska a kumbure ido ya rufe, in an bi tarihi sai a tarar an taɓa yi musu irin wannan a baya. Ki gaya wa mai gyara miki gashi tun kafin ta buɗe kwali.

Gwaggo kuwa a gaishe ta, addu'a ba ta taɓa zama asara ba. Sai dai ki nuna mata abu ɗaya cikin ladabi: hannu ɗaya ne ya zana ja da baƙi a zama ɗaya, kumburin ya bi baƙin ya tsallake jan. Kar a ɗauki alhakin mai ƙunshi ko na wata 'yar biki.

Tafarnuwa tana ƙona lafiyayyar fata ma in ta jima a kai, balle wadda ta riga ta sale. Lemon tsami kuma in ya haɗu da rana yana barin baƙin tabo nasa na kansa. Abin da ya kamata a yi a kwanakin farko mai sauƙi ne. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora minti goma sha biyar, sau uku ko huɗu a yini. Kar a fasa bororon. A shafa man sitiroyid, wato mai kwantar da kumburi, irin betametason safe da yamma na mako ɗaya zuwa biyu, in kuma a fuska ne ko wuya, sai mai sauƙi, wato haidirokotison mai kashi 1 cikin 100, na kwana biyar zuwa bakwai. Piriton da daddare yana taimakawa a samu barci a daina sosa, amma ba ya warkar da kumburin. In abin ya yi faɗi sosai, likita kan ba da ƙwayar sitiroyid ta sha, ya tsara yadda za a rage ta a hankali. Wannan ba na saye a kan tebur ba ne.

Man da mai kemis ya ba ki na san irinsa, mai haɗi uku ne: sitiroyid mai ƙarfi, da maganin makero, da maganin kashe ƙwayar cuta. Sitiroyid ɗin ne kaɗai ya yi miki aiki. Na ukun, in niyomaisin ne, shi kansa yana cikin sinadaran da suka yi suna wajen tayar da irin wannan ƙaiƙayi. Tunda wurin ya bushe, ki ajiye shi haka. Matan da suka ga ya ɗan haska musu fata suka zarce da shi wata da watanni, su ne ke dawo mana da fata ta yi siriri, jijiyoyi sun fito, ga nankarwa a hannu, ga ƙuraje a fuska.

Zanen zai tafi, amma sai kin yi haƙuri. Baƙar fata in ta yi kumburi takan bar duhu a wurin, kuma yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani ma ya ɗan haura. Ki riƙa shafa basilin ko man kaɗe tsantsa, ki sa riga mai dogon hannu in za ki shiga rana, don rana tana ƙara masa duhu. Ban da dilka, ban da halawa, ban da gurzawa da soso a wurin, ban da man bilicin. In kin ga zanen ya taso ya yi tudu ya yi tauri maimakon ya kwanta, wannan tabo ne na daban, ki kai wa likitan fata tun yana sabo.

A bikin ƙanwarki ki sa ja, na ganye, wanda aka daka aka kwaɓa a gabanki. Na leda mai tsini da ake sayarwa a kwaɓe, ko da ja ne, wasu ana ƙara musu rini don su kama da wuri. Jarirai kuwa ko jan kar a sa musu, domin akwai yaran da ake haifa da wani rauni na gado a jini wanda lalle kan sa jinin ya farfashe, shawara ta kama su. Masu ƙunshi da ke karanta wannan fili, ku kuka fi kowa taɓa dayis, kullum yatsunku a ciki. Ku sa safar hannu, kuma ku riƙa tambayar mace ko ya taɓa yi mata illa kafin ku fara zane.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni birkila ne, na haura shekara goma ina gini. Shekara biyu ke nan hannuna ya lalace, ya yi kaushi, ya tsattsage, wani lokaci har jini. Da tafin hannu ne kawai, yanzu ya hau damtse, ga ƙafa ma ta fara. In zan yi alwala ji nake kamar an zuba barkono. Na je an auna jini an ce taifot ne da infekshan, na sha allurai, babu canji. Abokan aiki sun ce in riƙa shafa baƙin mai kafin kwaɓi, in an tashi in wanke da kananzir. Na sayi safar hannu ta fata ina sawa. Abin da na lura shi ne da na je gida Sallah na yi mako biyu, sai ya yi sauƙi. Ina da iyali, ba zan iya barin aiki ba. Wane magani ne mai ƙarfi?
Daga wani magini, Sabon Gari, Zariya.

AMSA: Malam, sannu da fama, Allah Ya sa wa nema albarka. Abin da ka lura da shi a makon Sallah ya fi duk awon jinin da aka yi maka amfani. Taifot ciwon hanji ne da zazzaɓi, ba ya tsaga tafin hannu. Siminti ne.

Hanya biyu siminti ke cin fata. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na kanwa, amma ya fi ta nesa ba kusa ba. Yana narkar da maiƙon da ke tsare fata, yashin da ke ciki kuma yana gurzar ta. Wannan kowa zai iya samu in ya daɗe, kuma yakan tsaya inda kwaɓin ya taɓa. Ta biyun ita ce ta fi damuna da kai. A cikin siminti akwai ɗan sinadarin kuromiyam, wanda in ya yi ta shiga ta tsagar fata shekara da shekaru, wata rana jiki kan ƙi shi gaba ɗaya. Daga nan ko ƙurarsa ta sauka a kan gumi sai ƙaiƙayi ya tashi, ya bazu zuwa damtse, wuya, fuska da ƙafa, kuma ba ya saurin kwanciya ko an huta. Shekara takwas kana lafiya sannan abu ya fara, yanzu kuma yana hawa sama, wannan tafiyar ta yi kama da ta biyun. Ciwo ne da aka daɗe da sani a wurin magina. A Denmak tun 1981 aka fara zuba wani gishirin ƙarfe a siminti don ya kashe kaifin kuromiyam, kuma daga 2005 Tarayyar Turai ta hana sayar da simintin da wannan sinadari ya wuce kashi 2 cikin miliyan a cikinsa. Masu ciwon sun ragu ƙwarai a can bayan haka.

Safar hannunka ta fata tana iya zama cikin masu ƙara maka ciwo. Yawancin fatar kamfani da kuromiyam ake jeme ta, ga shi kuma tana shan ruwan kwaɓi ta riƙe shi a jikinka yini guda. Haka takalmin fata na kanti, wanda zai iya zama dalilin ƙafar. Fatar da majemanmu na gargajiya ke jemewa da bagaruwa ba ta da wannan sinadarin, don haka in takalmin zuwa masallaci ko kasuwa ne, irin wannan ya fi maka.

A wurin aiki ka nemi safar roba mai kauri, doguwa har damtse, ka sa ta auduga a ciki don gumi, ka riƙe ta audugar biyu ko uku kana canzawa. In kwaɓi ya faɗa ciki, tsaya nan take ka cire ka wanke. Siminti a cikin safa ya fi hannu tsirara illa, domin a kulle yake yana ci. Haka takalmin ruwa: ka saki ƙafar wando a kansa, kar ka cusa ta ciki, kuma kar ka durƙusa a kan ɗanyen daɓe da jiƙaƙƙen wando. Ka zo da jarkar ruwanka daga gida. Ruwan duron da ake wanke cokali da kwanon sarki a ciki ruwan siminti ne, wanke hannu da shi ba wankewa ba ce.

Baƙin mai da kananzir ka bar su yau. Na farkon datti ne na inji mai ɗauke da guba, na biyun kuma yana kwashe ɗan maiƙon da ya rage maka. Omo ma ba na wanke hannu ba ne. Sabulu mai laushi marar ƙamshi ya isa. Ka sayi babban gwangwanin basilin, ka ɗura kaɗan a ƙaramin mazubi ka sa a aljihu, duk bayan alwala ka tsane hannu ka shafa. Sau biyar ke nan a yini ba sai ka tuna ba. Da daddare ka lafta shi da yawa ka sa safar auduga ka kwana. A hunturu ka ninka. Ranar da tsagar ta buɗe ruwa yana cutar da kai, akwai sauƙin da shari'a ta yi wa mai rauni game da alwala, ka tambayi limaminku.

Maganin mai ƙarfi da ka tambaya yana nan. Fatar tafin hannu tana da kauri, haidirokotison ba ya ratsa ta, sai irin su betametason ko kilobetasol, kuma mai maiƙo ya fi mai ruwa-ruwa a busasshen hannu. Amma likita ya kamata ya duba ya rubuta, ya sa maka ranar tsayawa, yawanci mako biyu zuwa huɗu. In ka matso shi daga gaɓar ƙarshe ta manuniya zuwa kan yatsa, wannan ya isa tafin hannu biyu. In akwai mugunya, ko ɓawo mai ruwan zuma, ko zafi da kumburi da zazzaɓi, to ƙwayar cuta ta shiga, sai an haɗa da maganinta. Allurar ƙaiƙayi da ake yi a kemis, wadda mutum zai ji garau kwana biyu ya koma a ƙara masa, galibi ita ma sitiroyid ce, kuma yawan ta yana jawo hawan jini da ciwon suga.

Ba zan ɓoye maka ba, in gwaji ya nuna kuromiyam ne, wasu duk da wannan kiyayewa sai sun matsa daga kwaɓi. Shekara goma ta isa a ce kana da yara a ƙarƙashinka. Ka fara karkata zuwa awo, duba aiki da karɓar kwangila, su kuma yaran ka saya musu safa tun hannunsu na lafiya. Asibitin Saye yana kusa da kai, ka duba amsar ƙarshe a ƙasa.

TAMBAYA: Anti, 'yata mai shekara 14 duk ɗan kunnen da ta sa sai kunnen ya yi ruwa ya yi ɓawo. In ta cire ya warke. Kakarta ta ce jikinta na gwal ne, mu kuma ba mu da halin gwal. Kwanan nan kuma wani ƙurji ya fito mata a ƙarƙashin haɓa.
Daga wata uwa, Gusau.

AMSA: Hajiya Kaka ta kusa gaskiya. Ba gwal jikin ke nema ba, wani ƙarfe ne yake gudu, sunansa nikel, wanda ake haɗa yawancin 'yan kunne da sarƙoƙi masu araha da shi. Gumi ke narko shi ya shiga fata, shi ya sa abin ya fi tashi a bazara. Hujin kunne ne babbar ƙofar da yake bi, don haka ya fi yawa a mata. Wanda aka yi wa ruwan gwal ma da zarar ruwan ya goge sai ya koma gidan jiya. Ki nema mata na roba, ko azurfa ta gaskiya, ko ƙaramin gwal ɗaya mai kyau in Allah Ya hore. Na haɓar kuwa, duba fil ɗin da take maƙale hijabi ko ɗankwali da shi, a koma mai kan roba ko a ɗinke wurin. Ki kuma duba bayan agogo, ƙarfen rigar mama, firam ɗin tabarau da maɓallin wando, wanda za a iya ɗinke ƙyalle a bayansa. Haidirokotison na kwana biyar zai kwantar da wanda ya riga ya tashi.

TAMBAYA: Lokotoro ina gaisuwa. Maiɗakina ce hannunta ya ɓaci tun bayan haihuwarta ta uku. Tsakanin yatsu da ƙarƙashin zobe ya yi ja ya sale, bayan hannu ya bushe. Ita ke wanki da wanke-wanke na gidan duka. Mun gwada wanka da ruwan ganyen bedi, da sabulun salo, da man habbatus sauda, tana kuma zuba Dettol a ruwan wanka. Mahaifiyata ta ware mata kwano don kar yara su ɗauka, abin yana sa ta kuka. Ana ɗauka ne? Akwai na gargajiya da ya fi waɗannan? In kuma sai asibiti, ina za mu nufa, don a nan ba mu san likitan fata ba.
Daga wani magidanci, Maraɗi.

AMSA: Malam, a fara da mayar mata da kwanonta cikin na jama'a. Ba a ɗauka, ko ta abinci, ko ta musabaha, ko ta shayarwa. Wanda ake ɗauka shi ne ƙazwa, kuma alamarta daban ce: ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, yana kama wuyan hannu, cibiya da matsematsi, kuma da wuya a ce mutum ɗaya ne kawai ke sosa a gida. Makero kuma zagaye yake yi, bakinsa a tashe, tsakiyarsa a kwance. Na ambaci waɗannan biyu ne don man sitiroyid yana ƙara musu ƙarfi, shi ya sa ido ya kamata ya gani kafin a shafa.

Na maiɗakinka ruwa ne da garin sabulu suka cinye mata fata. Wankin tsumman jariri ya ƙaru a kan na gida, hannu ba ya bushewa daga asuba zuwa dare, kumfa kuma tana maƙalewa a ƙarƙashin zobe. Cikin abubuwa huɗu da kuka gwada, uku suna ƙara ciwon. Sabulun salo da toka ake yin sa, yana da kyau ga mai maiƙon jiki, amma kaifi ne a kan salalliyar fata. Dettol a ruwan wanka yana busar da ita. Man habbatus sauda, duk da darajarsa a wurinmu, an sha samun waɗanda shafa shi ya tayar musu da irin wannan kumburi, har da bororo. Ruwan bedi ba zai yi wani abin kirki a nan ba. Na gargajiyar da zan sa hannu a kai shi ne man kaɗe tsantsa, wanda ba a haɗa da turare ko wani gari ba. Shi da basilin aikinsu ɗaya, su rufe fata su riƙe mata danshi har ta gyara kanta. Ta cire zobe kafin ta taɓa ruwa, ta sa safar roba mai auduga a ciki, kar kuma ta wuce minti ashirin a ciki ba ta cire ta sha iska ba. Yankan albasa, tumatir, attaruhu da lemon tsami ma a ɗauke mata na ɗan lokaci.

Babban maganin yana hannunka. Hannun nan yana bukatar mako uku ko huɗu ba wanki. Ko a kai wa mai wankau, ko a raba wa manyan yara da 'yan'uwa, ko kai ka naɗe hannun riga, ba abin kunya ba ne. Kuma ko ya yi kyau a ido, fatar takan ɗauki wasu watanni kafin ta koma da ƙarfinta, don haka kar a ce ta warke a tara mata kayan mako guda.

In an yi haka mako biyu zuwa uku babu sauƙi, sai asibiti. Ku fara da na unguwa, ko babban asibitin gari, wurin likita ko ma'aikacin jinya da zai kalli hannun da idonsa. Yawancin irin wannan a nan yake ƙarewa. In ya ƙi, ku nemi takardar turawa. Kusa da ku akwai asibitin Danja, kudu da Maraɗi kaɗan, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta. Mutane suna ƙyamar irin waɗannan wurare saboda sunan kuturta, alhali ma'aikatansu sun fi kowa yawan kallon fata, kuma masu zuwa da ƙaiƙayi na yau da kullum suna da yawa a layin. A Najeriya irinsu su ne Saye a Zariya, Yadakunya da aka fi sani da Bela a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, Molai a Maiduguri da Garkida a Adamawa. Ƙwararrun likitocin fata kuwa sun fi taruwa a asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo da na Maiduguri. A can sai an bi ta sashen ganin marasa lafiya na gaba ɗaya a yanki kati, sannan a tura mutum.

Ga magini da amarya da duk wanda ake zargin jikinsa ya ƙi wani sinadari, gwajin da ke nuna shi ba na jini ba ne. Manne ne. Ana liƙa ƙananan faifai masu ɗauke da sinadarai daban-daban a gadon baya, a bar su awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan wasu kwana biyu, don wasu ba sa nunawa sai a makare. Zuwa uku ke nan a mako ɗaya, kuma ba a jiƙa bayan ko a yi aikin gumi a tsakani, shi ya sa lokacin sanyi ya fi daɗin yin sa. Ba kowane asibiti ke da kayan ba, sai a tambaya. Man shafawa ko turare da ake zargi ana iya gwada shi a gida: a shafa kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannu safe da yamma har mako guda a gani. Amma ban da dayis, siminti, garin wanki ko ruwan bilic, waɗannan ba a gwada su a jiki.

Wanda fuskarsa ko leɓensa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, ko fata ta sale a wuri mai faɗi da zazzaɓi, ba ya jiran layin likitan fata, sashen gaggawa zai nufa ko da tsakar dare ne.

Ranar tafiya ku zuba duk abin da take shafawa ko wanki da shi a leda ɗaya ku tafi da shi, har da kwalayen magungunan da suka ƙare. Ku ɗauki hoton hannun a waya ranar da ya fi tashi, don sau da yawa ranar ganin likita sai ya lafa. Kar ta sa lalle, shuɗin magani ko toka a wurin, suna rufe abin da ake son gani. Kuma kafin ku biya kuɗin mota ku sa a tambayo muku ranar da likitan fata ke zama, domin a yawancin asibitocin nan ba kullum ake buɗe sashen ba.